Ya kori mutum 19 a fili, ya kashe mutum ɗaya a mashaya: fashin baƙi kan Charlie Sweeney

Ranar 29 ga Afrilu 1986, a birnin Boston na Amurka, wani matashin majefi mai suna Roger Clemens ya kori masu bugu 20 a wasa ɗaya na besbol. Ba a taɓa yin haka ba a wasa mai zagaye tara na babbar gasa. Kafin wannan dare lambar da ake ji da ita 19 ce, kuma gwanaye irin su Steve Carlton da Tom Seaver da Nolan Ryan duk sun taɓo ta sun tsaya a nan. Sai dai ba ɗayansu ne ya fara kafa ta ba. Wani yaro ne ɗan shekara 21 daga San Faransisko, Charlie Sweeney, kuma a cikin Boston ɗin ya yi, ranar 7 ga Yuni 1884. Shekara 102 ke nan ba a tsallake shi ba.

Shekara goma bayan wannan bajinta, Sweeney ya harbe wani mutum mai suna Cornelius McManus a wata mashaya a garinsu. Kotu ta same shi da laifi, aka kai shi kurkukun San Quentin.

Abin da ya ja hankalina a labarin nan shi ne yadda masu tarihin wasan suke ba da shi. In ka karanta su za ka tarar sun ɓata shafi bayan shafi a kan ranar da Sweeney ya yi zuciya ya fice daga fili, amma kisan kan sai a ba shi layi biyu ko uku a ƙarshe, kamar ratayen labari. Hukunci biyu aka yanke wa mutumin nan a rayuwarsa, ɗaya na masu ƙungiya, ɗaya na kotu. Na farkon ne ya bi shi har kabari, kuma shi ne ya fi buƙatar a warware shi zare-zare, domin an saba ba da shi a matsayin tatsuniyar mashayin yaro da jarumin dattijo, alhali maganar ta fi haka sarƙaƙiya.

Tun da besbol ba wasanmu ba ne, bari a fara shimfiɗa tabarma. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara. Ɗaya tana tsaron fili, ɗaya tana bugu, sannan a yi musanya. Majefi yana tsakiyar fili da ƙwallo mai tauri, girmanta kamar na lemon zaƙi. Yana jefa ta wajen mai bugu, wanda ke riƙe da kulki, a bayansa kuma ga macafi yana jiran abin da ya wuce. In mai bugu ya samu ƙwallon ya ruga, ya zagaya tashoshi ya dawo inda ya tashi, ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. In kuwa ya kai bugu ya kuskure, ko ya ƙyale jifa mai kyau ta wuce, har sau uku, to ya fita. Wannan fitar ce nake kira kora. Da an fitar da mutum uku sai a yi musanya, a yi haka har zagaye tara. Wato a wasa guda ƙungiya tana buƙatar fitar da mutum 27. Sweeney shi kaɗai, da ƙarfin jifa, ya fitar da 19 daga ciki. Wani abu kuma da ya kamata a riƙe: a besbol, idan ƙungiya ta ci wasa ana rubuta nasarar da sunan majefinta, in an cinye ta ma da sunansa ake rubutawa. Saboda haka majefi shi ne mai garin.

Shekarar 1884 ba kamar sauran shekaru take ba. Tun farkon wasan, doka ta tilasta wa majefi ya jefa daga ƙasa, hannu yana lilo ta gefen cinya. A hankali majefa suka riƙa satar ɗaga hannu, alƙalan wasa suka gaji da hanawa, har babbar gasar National League ta ɗage takunkumin gaba ɗaya a wannan shekara: kowa ya jefa daga sama yadda yake jifan tsuntsu. Tazarar da ke tsakanin majefi da mai bugu kuwa ƙafa 50 ce kawai, ba ƙafa 60 da rabi ta yau ba, wadda sai a 1893 aka koma mata. Ga jifa daga sama, ga kusanci. Masu bugu suka shiga uku. Duk da haka suna da nasu gatan: mai bugu yana da ikon cewa a jefa masa sama ko ƙasa, kuma ƙwallon da ya goga ta fita gefe ba a lissafa masa ita cikin kuskure uku. Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne macafi, da 'yar safar hannu marar kauri yake tarar wannan dutse, yatsu duk a karye a karkace.

Dokar da ta fi shafar labarinmu ita ce ta canji. A lokacin ba a canza ɗan wasa sai in ya ji rauni. Mutum taran da suka fara su ne za su gama. To in majefi ya gaji fa? Dabarar da manajoji suka ɓullo da ita ita ce a ajiye majefi na biyu a can bayan fili ta hannun dama, inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba. In ana son hutar da na tsakiya sai su yi musanyar wuri. Na tsakiya ba ya fita, komawa baya yake yi ya ci gaba da tsaro. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An haifi Sweeney ranar 13 ga Afrilu 1863 a San Faransisko, lokacin garin yana tashen kuɗin zinariya da azurfa. Layin dogon da ya haɗa gabashin Amurka da yammacinta a 1869 shi ya buɗe wa 'yan wasan Kalifoniya hanyar zuwa inda kuɗin besbol yake. Ƙungiyar Providence Grays, ta jihar Rhode Island, tana da mutanen Kalifoniya biyu: Jerry Denny mai tsaron tasha ta uku, da macafi Sandy Nava, wanda ake lissafawa a matsayin ɗan asalin Meziko na farko da aka sani a babbar gasa. A 1883 Sweeney ya yi musu jifa, ya ci wasa 7 aka cinye shi 7. Ba wani abin a zo a gani ba. Gidan yana da mai shi, Charles Radbourn, wanda ake yi wa laƙabi da Old Hoss, wato tsohon doki. A wannan shekarar shi kaɗai ya ci wasa 48. Mutum ne mai taurin kai, mai shan barasa, mai ganin babu na biyunsa, kuma ya girmi Sweeney da shekara takwas da 'yan watanni.

Da sabuwar doka ta zo, sai ta zo daidai da hannun yaron. Radbourn ya ƙware ne a tsohon salo, jifa daga ƙasa da gefe, da wayo da lanƙwasa. Sweeney kuwa ƙarfi ne da gudu. Jaridun Providence suka koma yabon baƙo, 'yan kallo suka rabu gida biyu, 'yan wasan ma haka. Ana cewa kishi kumallon mata, amma wanda ya faɗi haka bai zauna da majefa biyu a ƙungiya ɗaya ba.

Sai ga 7 ga Yuni. Boston ce ke riƙe da kambun gasar, ita ce kuma babbar abokiyar hamayyar Providence. A gidansu Sweeney ya je ya kori 19, aka tashi 2 da 1, Nava ne a bayansa yana cafewa. Don adalci, a faɗi cewa kora ta yi arha a wannan shekara a ko'ina: bayan wata ɗaya cif wani majefi mai hannu ɗaya, Hugh Daily, ya yi 19 shi ma a wata gasar. Amma Sweeney da zakarun babbar gasa ya yi tasa. Daga ranar nan zaman Radbourn da shi ya ƙare. Ba da jimawa ba kuma hannun yaron ya fara ciwo, aka jibga wa Radbourn aikin mutum biyu, shi kuwa yana ganin ana lallaɓa ɗan lele ne shi ana kashe shi.

A nan dole mu bar fili mu leƙa ofis, domin can ne tushen rigimar.

A 1879 masu ƙungiyoyin National League suka ƙulla wata yarjejeniya a tsakaninsu: kowace ƙungiya za ta ware sunayen 'yan wasa biyar, sauran ƙungiyoyi ba za su taɓa su ba ko da kwantiraginsu ya ƙare. Zuwa 1883 adadin ya kai 11, kusan ƙungiya sukutum a wancan zamani. Ni turke nake kiran wannan ƙa'ida, don ba ta da maraba da shi: igiyar tana iya tsawo, amma iyakar kiwonka ke nan. Ɗan wasa ba shi da ikon neman inda za a fi biyansa. Ko ya karɓi abin da mai ƙungiya ya yanka masa, ko ya bar sana'ar. Wanda ya yi gardama a sa sunansa a baƙin littafi, babu mai ɗaukarsa. Masu bin ƙwallon ƙafar Turai za su tuna yadda abin yake kafin hukuncin Bosman na 1995. To na besbol ya fi tsanani, ya kuma fi daɗewa, don sai a 1975 aka tsinke igiyar.

Wani matashin attajiri na birnin St. Louis, Henry Lucas, magajin dukiyar filaye, ya ce wannan bauta ce, ya kafa tasa gasar mai suna Union Association a 1884, wadda ba ta san da turke ba. Ya buɗe jaka yana zawarcin 'yan wasan manyan ƙungiyoyi. Ba wai tausayin talaka kaɗai ke ransa ba, yana son ƙungiyarsa ta St. Louis Maroons ta fi ta kowa, ya kuwa tara mata gwanaye har gasar ta zama wasan yara tun daga watan farko, inda Maroons ta ci wasa 20 a jere. Amma ko mene ne nufinsa, zuwansa ya sauya lissafin kowane ɗan wasa. A bara, kora daga ƙungiya mutuwar sana'a ce. A bana, kora tana iya zama tikitin jirgin ƙasa zuwa St. Louis da albashi mai tsoka. Da Radbourn da Sweeney duk an yi ta raɗe-raɗin mutanen Lucas suna magana da su.

Wanda ya fara ɓallewa ma ba yaron ba ne. Ranar 16 ga Yuli, a wasa da Boston, Radbourn ya fusata da hukuncin alƙali, ya shiga wurga ƙwallo ta ko'ina kamar mai neman a cinye shi, aka kuwa cinye shi. Shugabannin ƙungiya suka dakatar da shi ba albashi. Saura Sweeney da wani sabon ɗauka, Joe Miller, mai laƙabin Cyclone.

Kwana shida bayan haka, 22 ga Yuli, Providence ta karɓi baƙuncin Filadelfiya a filinta na Messer Street. Filadelfiya ƙungiya ce mai rauni a shekarar, manajanta kuwa Harry Wright ne, wanda a bara shi ke riƙe da Providence. Rahotannin lokacin sun ce Sweeney ya iso a makare, da alamun ya kwana yana sha. Duk da haka ya yi jifa, ya kuma yi kyau, wasa ya yi nisa Providence tana gaba da 6 da 2. Manaja Frank Bancroft ya duba ya ga wasa ya zo hannu, gwanin majefinsa ɗaya tilo bai daɗe da tashi daga ciwon hannu ba, gobe ma akwai aiki. Ya ba da umarni Sweeney ya koma bayan fili, Miller ya shigo tsakiya. A idon manaja wannan tattali ne. A idon majefin wancan zamani kuwa, a janye ka daga tsakiya a gaban jama'a cin fuska ne, don namiji shi ke gama abin da ya fara. Sweeney ya ƙi. Aka yi cacar baki, ya zazzagi manaja, ya juya ya nufi ɗakin canza kaya, ya tuɓe rigar ƙungiya ya sa tasa ta gida. Ga kuma dokar nan ta hana canji. Babu wanda zai maye gurbinsa. Providence ta ƙarasa wasa da mutum takwas, biyu kacal a bayan fili inda ya kamata a ga uku, ƙwallo tana faɗawa a wurin da babu kowa. Filadelfiya ta zuba maki takwas, aka tashi 10 da 6.

Nan take aka kore shi daga ƙungiyar, gasar kuma ta rufe masa ƙofa. Babu zaman sauraron ba'asi, babu lauya, babu ɗaukaka ƙara.

Shin maye ne ya kai shi, ko da gangan ya nemi a kore shi don ya samu hanyar St. Louis? Ni a nawa karatun, tambayar ma ba ta raba komai. Yaro ne mai girman kai, ga giya a ciki, ga kuma sanin cewa akwai mai jiransa da kuɗi. Ɗaya daga cikin ukun nan kaɗai da wuya ya fitar da shi daga fili. Haɗuwarsu ce ta yi. Kuma ban ga hanyar wanke shi ba: ya bar abokan aikinsa takwas a rana, wannan ko a wace sana'a abin kunya ne. Inda nake ja da masu tatsuniyar shi ne wajen abin da ya biyo baya.

Providence ta wayi gari ba gwanin majefi, har shugabanninta suka fara maganar rufe ƙungiyar. Wa ya rage? Mutumin da suka dakatar mako guda da ya wuce, bisa zargin da bai fi na Sweeney sauƙi ba. Faɗuwa ta zo wa Radbourn daidai da zama. Ya ce zai ɗauki jifan kusan duk sauran wasannin, da sharaɗin a ƙara masa kuɗi, a kuma cire masa turke in kaka ta ƙare. Suka amince, don ba su da zaɓi. Wato abin da Sweeney ya nema ta hanyar fashewa, Radbourn ya same shi ta hanyar ciniki, kuma ficewar Sweeney ce ta ba shi ƙarfin cinikin. Da yaron ne ya yi haƙurin mako ɗaya, tsohon ne ya fara kama hanyar St. Louis, da wataƙila sunayen sun musanya wuri a littattafan tarihi.

Ba ina rage wa Radbourn komai ba ne. Abin da ya yi daga ƙarshen Yuli zuwa Oktoba ba a sake yin irinsa ba. An ruwaito cewa hannunsa ya kai matsayin da ba ya iya ɗaga shi ya taje kansa da safe. Sai ya riga kowa zuwa fili, ya fara gara ƙwallo daga 'yar tazara kaɗan, yana ja da baya sannu-sannu har kafaɗar ta saki, sannan a fara wasa, gobe ma haka. Ya gama shekarar da nasara 59, wasu ma'adana tarihi suna ƙirga 60, cikin zagaye sama da 678. Providence ta ɗauki kambu da ci 84 da faɗuwa 28, ta kuma doke New York Metropolitans, zakarun wata gasar ta daban mai suna American Association, wasa uku a jere a karon zakarun gasa biyu, duka ukun Radbourn ne ya yi jifa. Da aka miƙa masa 'yancin da ya nema, sai ya zaɓi ya zauna.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Sweeney ma bai faɗi a shekarar ba. Ya ci wa Providence wasa 17 kafin ya fita, ya je ya ci wa Maroons 24, jimilla 41, ita ma Maroons ta ɗauki nata kambun da ci 94 da faɗuwa 19. Gaskiya ne gasar Lucas ba ta da ƙarfi, ƙungiyoyinta suna rushewa a tsakiyar kaka ana cike gurbi da na ƙananan garuruwa, har yau masu nazari suna gardamar ko ta cancanci a kira ta babbar gasa. Amma kafaɗa ba ta san wannan bambanci ba. Zagaye 492 yaron ya jefa a shekara ɗaya, yana ɗan 21, da salon da jikin majefa bai saba da shi ba, da hannun da ya riga ya yi gargaɗi tun watan Yuli. Majefin da ake ji da shi a yau, da likitoci da masu tausa a bayansa, in ya kai zagaye 200 sai a ce ya yi ƙoƙari. Ana yawan cewa giya ce ta cinye Sweeney. Ta ci rabonta, babu musu. Sai dai Radbourn ma mashayi ne, kuma ya ci gaba da jifa har 1891. Bambancin da nake gani shi ne ɗaya yana da wayon da zai jingina da shi in ƙarfi ya ragu, ɗayan kuwa ƙarfin ne jarinsa duka.

Gasar Lucas shekara ɗaya ta yi ta mutu. Shi kansa mai yaƙi da turke ya nemi a shigar da ƙungiyarsa National League, aka karɓe shi a 1885, ya rungumi ƙa'idar da ya ce bauta ce. 'Yan wasan da suka karya kwantiragi suka bi shi sai da aka ɗora musu tara har ta dala 1,000 kafin a goge sunansu daga baƙin littafi, a zamanin da leburan masana'anta ba ya haɗa dala 500 a shekara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Maroons ta ƙare a ƙarshen teburi, Sweeney ya ci 11 aka cinye shi 21.

Ranar 12 ga Yuni 1886 ita ce kishiyar ranarsa ta Boston. 'Yan Detroit Wolverines suka yi masa bugun zarce har bakwai a wasa ɗaya, wato bugun da mai shi ke zagaye tashoshi duka ya dawo gida a tashi guda. Don a gane nauyin abin: a duk tsawon wannan kaka, waɗanda suka fi kowa irin wannan bugu a gasar, Dan Brouthers da Hardy Richardson, guda 11 kowannensu ya yi. Ba a daɗe ba St. Louis ta sallame shi. A 1887 ya ɗan zauna da Cleveland Blues, galibi ma ba a matsayin majefi ba, daga nan sai gida. Lissafinsa a manyan gasa ya tsaya a ci 64, faɗuwa 52. Yana ɗan shekara 24.

Babu fansho, don sai a 1947 aka fara yi wa 'yan besbol wannan tanadi. Tsohon ɗan wasa na wancan zamani, in ba shi da wata sana'a, sunansa ne kaɗai abin sayarwarsa, kuma inda suna ke da kasuwa shi ne mashaya. Radbourn ma da ya yi ritaya mashaya da teburin biliyad ya buɗe a Bloomington ta jihar Illinois. Sweeney ya ɗan taɓa wasa a ƙungiyoyin Kalifoniya, ya kuma faɗa wannan duniya ta mashayun San Faransisko, inda giya da siyasar unguwa da 'yan daba suke cin tuwo a kwano ɗaya. Masu mashaya su ne dillalan ƙuri'a, su ke samar wa mutum aiki, su ke karɓo shi daga hannun 'yan sanda. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne Frank McManus, wanda ake kira Sarkin Potrero, unguwar ma'aikatan ƙarfe da masu ƙera jiragen ruwa. A tsakiyar Yulin 1894, shekara goma ba 'yan kwanaki da ficewarsa daga filin Messer Street, rigima ta haɗa Sweeney da ɗan'uwan wannan sarki, Cornelius, wanda aka fi sani da Con. Sweeney ya harbe shi, raunin ya zama ajalinsa. A gaban shari'a ya ce kare kansa ya yi.

Hukuncin da aka yanke masa yana buƙatar bayani, domin sau da yawa a Hausa mukan fassara irinsa da kisan kuskure, kuma wannan fassara tana ɓatar da mai karatu. Kisan kuskure shi ne ka harbi barewa ka samu mutum. Ba shi ne nan ba. Kundin dokar laifuka na Kalifoniya na 1872 ya buɗe wa masu taya alƙali hukunci, su 12, ƙofa huɗu. Ta farko, kisan da aka ƙudurta aka shirya, hukuncinsa rataya ko ɗaurin rai da rai. Ta biyu, kisa da mugun nufi amma ba tare da shiri ba, ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ta uku, kisan da ya auku cikin faɗan da ya tashi farat ɗaya ko cikin tafasar zuciya, ba da ƙullin da aka kwana da shi ba, wannan iyakarsa shekara goma. Ta huɗu, kare kai, wanda sallama ce kai tsaye. Wanda ya san finalkot, wato dokar laifuka ta Arewacin Najeriya, zai gane ƙofa ta uku, don ita ma ta ware kisan faɗan farat ɗaya daga wanda hukuncinsa kisa ne.

Ta ukun suka bi. Ma'anarsa sun ƙi yarda da masu ƙara cewa kisan mugun nufi ne, sun kuma ƙi yarda da Sweeney cewa ba shi da mafita sai harbi. Alƙali ya ba shi shekara takwas. Takwas cikin goma ba sassauci ba ne, ni dai abin da na karanta a ciki shi ne alƙalin ya ga laifin ya fi kusa da ƙofa ta biyu fiye da ta huɗu. Ba kuma wasa ne ya tsaya a gabansa ba: shekara ɗaya kafin nan, a 1893, aka fara rataye mutane a cikin San Quentin ɗin da aka kai shi.

Akwai jarabar a ja layi miƙaƙƙe daga filin Providence zuwa wannan mashaya, a ce turke da zaluncin masu ƙungiya ne suka kashe Con McManus. Ban yarda ba. Ɗaruruwan 'yan wasa sun sha wannan turke, hannuwa da yawa sun mutu a shekarun nan, ba su harbi kowa ba. Tsarin wasan ya cinye masa hannu ya watsar da shi yana da ƙuruciya, wannan nasu ne. Shiga faɗa da bindiga a jiki nasa ne. Abin lura kawai shi ne kotun da ta tuhume shi da ran mutum ta ba shi damar magana, ta auna, ta rage. Masu ƙungiyar da suka tuhume shi da wasa ɗaya ba su ba shi ko minti ba, kuma nasu hukuncin ne marubuta suka gada.

Bai cika shekara takwas ɗin ba. An yi masa sassauci aka sake shi a 1898, bayan shekara uku da 'yan watanni. Ya fito ya tarar abokin hamayyarsa ya riga shi tafiya. A 1894 ɗin da Sweeney ya yi harbi, shi ma Radbourn bindiga ta same shi a fuska a wajen farauta, ya rasa ido ɗaya, ya koma zaman ɗaki yana ɓuya daga mutane har ya mutu a Fabrairun 1897. A 1939 aka shigar da sunansa zauren girmama gwanayen besbol da ke Cooperstown. Ƙungiyar da suka yi faɗa a kanta kuwa tun bayan kakar 1885 ta rushe.

Tarin fuka ne ya kama Sweeney. Ya mutu a San Faransisko ranar 4 ga Afrilu 1902, saura kwana tara ya cika shekara 39. Lambarsa ta 19 ta ƙara shekara 84 bayan mutuwarsa kafin Clemens ya ture ta. Ta bakwai ɗin nan ta Detroit kuwa har yau babu majefin da ya karɓe masa ita.